Ranar da Asumana Bai Ɗaga Hannu Ba

Tun da muka dawo daga kudu ni da Malam Asumana, ban taɓa zama a rumfar da muke shan inuwa bayan la'asar, nan bakin kasuwar garin Tawa, ba tare da wani ya ce in ba da labari ba. Wasu sun ji wai an kore mu daga majalisa. Wasu sun ji wai Asumana ya yi jawabin da ya sa mutane hawaye. Ko ɗaya ba a yi ba. Shi ba mai maimaita zance ba ne, ya koma garinsu ya yi shiru. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da idona ya gani, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san shi ba, Asumana dattijo ne na wani ƙauye arewa da Takanamat, yana noma hatsi, yana da shanu. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Mun saba tun ina tafinta a kotu, shi kuma ana yawan kiransa ya sasanta mai gona da mai dabba. Kafin aikin kotu na yi yawon cin rani irin namu na Adarawa, na zauna Kumasi da Abijan da Tamanrasset, na tsinto Turanci da Faransanci da Buzanci a hanya. Har yau ba ya kirana da sunana, sai Tafinta.

Ga abin da ya tashe mu. Kowace shekara, idan ciyawa ta ƙare bayan kaka, ɗansa Hamidan da wasu samari kan kora shanun garuruwansu su ƙetare iyaka, su yi rani a bakin wani kogi a wata jiha ta tsakiyar Najeriya, su dawo da ruwan farko. Sai labari ya zo cewa majalisar dokokin jihar za ta hana shanu yawon kiwo, amma kafin nan za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kowa na iya zuwa ya yi magana. Ba zan faɗi sunan jihar ba, domin mutanenta ba su yi mana komai ba sai karamci. Dattawa suka taru suka ɗora wa Asumana saƙo. Ba a aike shi ya musanta ɓarna ba, kowa ya san ana yin ta. An aike shi ya roƙi a bar burtali guda zuwa kogi, a kuma sa ranar sakin gonaki kamar yadda ake yi a nan, kada saniya ta shiga sai an kwashe amfani. Mafi nauyi a saƙon shi ne, kowane garke zai zo da mai masauki, mazaunin gari mai gida da iyali a can, wanda zai tsaya masa, in an yi ɓarna shi za a kama. In ba a samu wannan ba, shanun ba su da inda za su ci rani.

Mun shiga kar, babbar motar fasinja, da safe. Tun kafin mu kai garin Badagishiri Asumana ya fara jera maganarsa a hankali, leɓɓansa na motsi kamar mai lazimi. Na ce ya faɗa mini in san yadda zan juya ta Turanci. Ya ce magana ba a ɗanɗana ta kafin a kai gaban masu ita, in dai na iya aikina zan juya ta da zafinta.

A iyaka, bayan Ƙonni, wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan na Najeriya, ya buɗe buhun Asumana ya tarar da cuku a naɗe cikin tsumma. Bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa. Na yi bayani da Turanci cewa nono ne busasshe, bai gamsu ba. Asumana ya ɓalli gefe ya tauna, ya miƙa masa sauran. Muka bar su suna fama da shi da haƙoran gefe, rabin guzurinmu ya tafi a nan.

Daga Sakkwato muka sake mota, tafiya ta miƙe. Can da muka fara ganin kunyar doya a gonaki, wani mai tallar magani ya shigo ya tsaya tsakanin kujeru. Ya fara da addu'a, ya sa mutane dariya, ya kwatanta ciwon baya har kowa ya dafa nasa, sannan ya fito da kwalba. Asumana bai ji kalma ɗaya ba, domin ba da Hausa yake yi ba, amma bai ɗauke ido daga kansa ba. Da mutumin ya sauka, ya ce da ni wannan ya san aiki, dubi yadda ya ajiye kwalbar sai a ƙarshe. Mai hankali ba ya fara zuba kayansa masu nauyi.

Mun sauka a zango, gidan Alhaji Shifkau, Ba'adare ɗan Barmu mai fataucin albasa, wanda ya daɗe a can har 'ya'yansa sun fi jin yaren garin a kan Hausa. Aka kawo sakwara da miyar man ja. Na nuna wa Asumana cewa ba a tauna ta, haɗiyewa ake. Ya gwada, ta tsaya masa a maƙogwaro, barkono kuma ya kama shi, ya yi ta tari har ruwa ya zubo masa a ido. Ya tambaya ko duk garin nan babu mai dama hura. Uwargidan Alhaji, 'yar ƙasar ce, ta yi dariya ta dama masa kunun dawa, shi ya riƙe shi har muka bar garin.

Alhaji Shifkau ya ja mu gefe ya ce majalisar nan ba fadar hakimi ba ce. Wanda yake son magana sai ya nema, kuma agogo ake duba wa mutum. Asumana ya saurare shi har ya gama, ya ce ya ji, amma duk inda ɗan Adam yake an san furfura.

Ranar zama aka karɓe masa sandarsa a ƙofa, aka ce ba a shiga da ita. Zauren ya cika da manoma, da 'yan kasuwa, da limamai da fastoci, da masu ɗaukar hoto. Shugaban zaman, wani ɗan majalisa mai sanƙo, yana wucewa ya ga rawanin Asumana, ya dawo da baya ya kama hannunsa da hannu biyu, ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Ya sa aka ba mu kujera a sahun gaba. Asumana ya dube ni ta gefen ido, wato ka gani.

Da aka buɗe da addu'a iri biyu, shugaban ya ce duk mai son magana ya ɗaga hannu yanzu a ɗauki sunansa. Hannuwa suka tashi ko'ina. Na juya masa maganar, na ce ya ɗaga.

Ya ce, "Ni ɗan lakwal ne?" Wato ɗan makaranta.

Na ce, "Malam, ka'idarsu ke nan. In ba su ɗauki sunanka ba, ba za su kira ka ba."

"Wanga da ya kama hannuna makaho ne? Ya san na zo, ya san daga inda na hito. Bari yara su zubar da zahinsu tukuna."

Sai in bayyana wa wanda ba ɗan Adar ba abin da yake nufi, don kada a ce girman kai ne. A wurinmu idan aka zauna shawara, ƙanana ke farawa. Su yi faɗa, su faɗi abin da bai kamata ba, babba yana saurare yana tsince abin da za a iya ɗinkewa. Ba ya neman a ba shi magana, domin wanda ya roƙi magana ya nuna yana da ɓangare. Sai kowa ya gaji, wuri ya yi tsit, mai gari ya juya ya ce, to Malam, kai muke saurare. Abin da ya faɗa a lokacin shi ake tashi da shi. Da wannan hanya Asumana ya kashe rigingimun da kotu ta kasa, a gabana. Ni kuwa tafinta ne, ba ni aka aiko ba. Da na ɗaga nawa hannu ya kama mini hannun riga ya mayar da shi ƙasa.

Aka fara. Kowa aka ba shi ɗan lokaci, in ya cika a kaɗa ƙararrawa, in bai tsaya ba a kashe masa lasifika yana tsakiyar jimla. Na ga wani tsoho yana ta motsa baki ba a jin komai. Wani saurayi da ya yi magana da sunan dillalan shanu na zango ya tashi da zafi, ya ce ƙasa ta Allah ce, ba wanda ya isa ya hana saniya ciyawa. Zauren ya ɗauki gunaguni. Asumana ya girgiza kai ya ce yaro ya yaga, sai a ɗinke.

Sannan wata 'yar majalisa da ke zaune kusa da shugaban ta karɓi lasifika. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita 'yar manomi ce. Ta kwatanta yadda uwarta ke tara kunyar doya da hannu, da yadda gona ke zama idan garke ya kwana a cikinta. Ta ce yayanta ya fita wata safiya ya kori shanu daga gonarsu, aka dawo da shi a kan ƙyauren ƙofa. Ba ta zagi kowa ba. Ina juya wa Asumana a kunne, na ji jikinsa ya yi sanyi. Ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki, ya yi salati a hankali.

Rana ta karkata. Wanda aka rubuta na ƙarshe ya gama. Wuri ya yi shiru, irin shirun da Asumana ya sani. Ya gyara zama, ya gyara rawani, ya yi gyaran murya. Shugaban ya dubi agogo, ya gode wa kowa, ya buga gudumar katako a tebur. Mutane suka miƙe.

Mun daɗe a zaune ana ratsa mu. Na je na tare shugaban na faɗa masa daga inda muka zo. Ya dafe kai, ya zo da kansa ya tsuguna gaban Asumana, ya ce da Hausa, "Baba, me ya sa ba ka ɗaga hannu ba? Na yi ta dubanka, na zaci rakiya ka yi." Ya ce da ya sani da shi zai fara kira. Amma guduma ta sauka, ba shi da ikon buɗe zaman kuma, ko ubansa ne ya zo.

A baranda muka ci karo da matar nan. Asumana ne ya tsaya a gabanta. Ashe ta ji Hausa sarai, a zango ta yi wasan ƙasa. Ya yi mata ta'aziyyar yayanta kamar jiya aka yi rasuwar, ya tambayi uwarta, ya tambayi 'ya'yan mamacin. Na ga idonta ya kaɗa. Ta ce, "Baba, me ya kawo ka?" Ya faɗi batun burtali, ya faɗi batun ranar sakin gonaki, a tsanake, yana ba kowanne haƙƙinsa. Bai kai ga batun mai masauki ba aka leƙo daga wata ƙofa aka ce ana jiranta. Ta ce ta ji, kuma ranar da za a yi muhawara a babban zaure za ta faɗi maganarsa yadda ya faɗa, ba ragi. "Amma kada in ruɗe ka, Baba. Ba na tare da kai." Ya ce, "Ɗiyata, da saura." Ƙofa ta riga ta rufe, ɗan sanda ya tsaya a bakinta.

Muka yi kwanaki a zango muna jiran ranar. Mun je ofishinta, aka ce ta tafi mazaɓarta. Alhaji Shifkau ya yi ta neman wanda zai kai mata sauran maganar, ba a dace ba.

Ranar muhawara aka hau da mu bene, inda baƙi ke zama. Aka gargaɗe mu cewa a nan ba a magana, ba a tafi, ko tari a yi shi a hankali. Aka shigo da wata sanda mai ƙyalli aka kwantar a tebur, kowa ya miƙe mata. Alhaji ya ce in babu ita, duk abin da aka yanke banza ne.

Na ga wuraren shawara da dama a rayuwata, kuma ban ga inda mutane ke gaya wa juna magana mai zafi kai tsaye ba tare da sun sa wani abu a tsakani ba. A Kumasi mai ƙara ba ya yi wa sarki magana, sai ya gaya wa mai riƙe da sandar fada, shi ya isar. Buzaye kan ja rawani su rufe baki, su zagaya da zance har sai mai hankali ya gane inda aka dosa. Depitocinmu, 'yan majalisar Yamai, da nake ji a rediyo, kan rufe fushinsu da dogon Faransanci. Su kuwa waɗannan, kakakin majalisa suke gaya wa komai. Mutum zai nuna abokin hamayyarsa da yatsa, amma idonsa na kan kakaki, yana cewa ya shugaba, mai girma ɗan'uwana bai san abin da yake faɗa ba. Wani ya yi ta kawo manyan kalmomi yana jujjuya babbar riga, aka yi masa tafi a tebur, da na zo juyawa na rasa abin da zan gaya wa Asumana. Wani kuma ya miƙe ya katse mai magana, ya ce an saɓa ka'ida, aka ɓata lokaci mai tsawo a kan wa ya kamata ya fara zama. Asumana ya tambaye ni ko waɗannan suna saurarar juna kuwa. Na ce wasu na yi.

Matar ta miƙe. Ta ce wani dattijo ya taso daga wata ƙasa, ya yi doguwar tafiya, bai samu magana ba, kuma ta yi masa alkawari. Ta faɗi batun burtali. Ta faɗi batun ranar sakin gonaki. Na yi shekaru ina tafinta, na san yadda ake rage wa maganar abokin gaba ƙarfi ba tare da an yi ƙarya ba, a sauya kalma guda, a sassauta murya. Ba ta yi haka ba. Ta faɗe ta da kyau har zauren ya yi tsit, na ga wasu suna gyaɗa kai. Sannan ta ce ita ma ta so ta yarda. Amma a zamanin ubanta akwai burtali, akwai rana, duk da haka an shiga gona. Ta ce, ya shugaba, makiyayi baƙo ne, yau yana nan gobe ya ƙetare iyaka. In ya yi ɓarna, wa za mu kama? Wa zai tsaya masa? Ta ce duk wanda ke da amsar wannan a zauren nan ya tashi ya faɗa, ita za ta canza ra'ayi a gaban kowa.

Ta tsaya tana jira. Ba wanda ya tashi a ƙasa.

Ban gama juya masa ba Asumana ya miƙe tsaye. Ya dafa ƙarfen benen, ya ɗaga hannunsa sama har hannun riga ya zame masa zuwa kafaɗa. Ba mai duban bene. Mai gadi ya zo da sauri, ya yi masa alama da ladabi ya zauna. Bai zauna ba, bai kuma yi magana ba, domin an ce ba a yi, shi kuwa ba ya karya dokar gidan da ya shiga. Yana nan tsaye kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, zaure ya amsa. Ya ce waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, aka ji muryoyi kaɗan. Guduma ta sauka.

Da muka sauko na hangi mutanen da suka yi ta nuna wa juna yatsa suna cin gyaɗa a kwano ɗaya suna dariya. Matar ba ta cikinsu. Mun jira ta har aka fara rufe ƙofofi, aka ce ta fita ta baya. Alhaji Shifkau ya ce ko da mun gan ta, abin da aka buga wa guduma sai wata shekara, in an sake kawo shi.

A hanyar dawowa Asumana bai yi zance ba sai na salla da na ruwa. Wajen Illela ne ya ce da ni, matar nan ta riƙe amana, ko a Adar samun irinta sai an tona.

Na raka shi har garinsu. Aka shimfiɗa tabarmi, dattawan da suka aike shi suka zauna, samari a baya, Hamidan a cikinsu. Na zaci zai taƙaita. Sai ya ba da labarin matar tun daga kunyar doyar uwarta har gawar yayanta, bai rage komai ba, har wasu samarin suka sunkuyar da kai. Ya faɗi tambayar da ta yi wa zaure. Wani dattijo ya ce, to ai amsar tana bakinka, me suka ce da ka kawo batun mai masauki?

Ya ce, "Ba su ji shi ba. Na jira a ba ni magana, can kuwa nema ake."

Can mai gari ya ce ciyawar da ke nan ba za ta kai shanun duka zuwa damina ba, dole a rage, sai a san na wa za a fara fitarwa. Wannan ita ce maganar da kowa ke tsoro, domin a kanta zumunci ke ɓaci. Asumana ya ce ba sai an yi shawara ba. Ya kira Hamidan ya ce ya ware shanun gidansu, su za a fara sayarwa.

Ranar Lahadi na gan shi a kara, nan Tawa, tsaye cikin rana kusa da jajayen shanunsa, dillalai na buɗe musu baki suna duba haƙora. Akwai wata tsohuwar saniya a ciki wadda na san daga ita rabin garken ya fito. Na ce ko wannan ba za a bar ta ba. Ya ce in ya bar ta, gobe kowa zai samu wadda zai bari. Ya shafa mata wuya, ya miƙa wa dillali igiya, ya ce da shi a ba ta ruwa kafin a ɗora ta a mota.